Turken da Ubale Ya Tuge a Riruwai

Wata ranar Alhamis ce cikin bazarar 1998 na sauka a Kwanar Dangora da 'yar jakar kayan aikina. Rana ta yi sanyi, masu tsire sun fara hura wuta a bakin titi. Aikin da ya kawo ni bai kai ya taso mutum daga Kano ba. Wai kwamfutar mijin ƙanwata ce take daɗewa kafin ta tashi.

Sunana Hamidu, gyaran kwamfuta nake yi a wani shago a birni. Mijin ƙanwar tawa kuwa Ubale ne, amma kada ka kuskura ka kira shi haka a gaban mutane. Injiniya yake so a ce. Ya ɗan leƙa makarantar koyon sana'a ya gudo, tun daga nan hancinsa bai sake sauka ba. Mutum ne da in ya canza ƙwan fitila sai ya tara unguwa su shaida. Ban taɓa ƙaunarsa ba, ban kuma taɓa wahalar da kaina wajen ɓoyewa ba.

Shi da kansa ya haɗa kwamfutar. Ya yi ta zarya zuwa Kano yana tsinto kayan kwance, bod, wato farantin da ake dasa kayan ciki a kai, daga nan, faifai daga can, fanka daga wata matacciyar na'ura, ya harhaɗa su a ɗakinsa. Burinsa ya buɗe shagon buga takardu a bakin tasha, ya zauna a kujera mai juyi ana layi a gabansa. Da abin ya gagare shi sai ya aiko mini da direba, wai in zo mu yi shawara irin ta masana.

Ban zo don shi ba. Na zo ne don in ga Barakatu.

Gidan yana can ƙarshen gari, inda gonaki suka fara. Na tarar da ita a tsakar gida tana jiƙa gishiri a bokiti. Na yi sallama.

Ta ɗago ta dube ni. Idonta a kaina, bakinta a rufe.

Na sake yin sallama. Shiru. Na ɗauka fushi take yi don na daɗe ban zo ba, har na fara shirya uzuri a raina. Wata kaza ta zo ta wuce tsakaninmu. Sai can fuskarta ta buɗe da murna, kamar yanzu muryata ta iso kunnenta.

"Wa alaikumus salam! Yaya! Sannu da zuwa, ya hanya?"

Barakatu ke nan fa, wadda Innarmu take kira rediyon gida, wadda tun tana ƙarama ba ta bari ka kai ƙarshen zance. Ta rame. Da ta miƙo hannu ta karɓi jakata, na ji yatsunta da sanyi, a cikin wannan zafin da ko ƙadangare neman inuwa yake.

Kafin in ce uffan sai ga Ubale ya fito da sikundireba a aljihun gaba, don kowa ya gani.

"Yaya Hamidu! Shigo, shigo ka ga aiki!"

Ya ja ni ɗaki. Ga kwamfutar a kan teburi, akwatinta a buɗe, wayoyi sun hargitse a ciki kamar hanjin akuya. Janareta na ta ɓarɓara a zaure. Ya danna maɓalli yana murmushi. Fanka ta juya, rubutu ya fito a fuskar, ta ƙirga memori, wato ƙwaƙwalwarta, daidai. Daga nan ta tsaya cak. Wani ɗan ɗigo fari ne kawai yake ƙiftawa a kan baƙin allo.

"Ka gani ko? Nan take maƙalewa," in ji shi. "Da farko sai in kunna ta in tafi masallaci, in biya wajen mai shayi, in dawo ba ta tashi ba. Amma da na sa mata hannu abin ya ragu ƙwarai. Yanzu alwala kawai nake yi ta farka."

"Me ka gyara?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce ya canza batirin bod, ya hura ƙura, ya ɗan taɓa nan da can. Wato bai san abin da ya yi ba.

Na ce, "Ubale, me ya sami Barakatu?"

"Wa? Au. Sanyin jiki ne irin na mata, rabu da ita. Dubi nan, kana ganin ba wannan wayar ba ce?"

Na dube shi daga sama har ƙasa. Wannan bawan Allah ya san jinkirin na'urarsa ciki da waje, yana auna shi safe da yamma, amma matar da ke dafa masa tuwo tana shanyewa a gabansa bai gani ba. Na haɗiye abin da ya zo mini baki, na ce bari in sallami wannan tarkacen, sannan in zauna da ƙanwata.

Shi jinkirin tashi ba wani abin mamaki ba ne a wajenmu. In ka kunna kwamfuta, kiran kayan cikinta take yi ɗaya bayan ɗaya, kamar mai gida yana tashin yara da asuba. Kana nan? Kana nan? Wanda duk bai amsa ba sai ta tsaya jiransa. Aikin mai gyara shi ne ya gano wanda take jira.

Na cire na'urar ƙaramin faifai, na kunna. Ta tsaya a wuri ɗaya. Na cire katin sauti. Haka. Na canza faffaɗar wayar faifai da tawa, na sa memorin da na zo da shi. Ko gezau. Ubale na tsaye a kaina yana ba ni shawara.

A nan ne na fara jin warin.

Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne, irin na tsohuwar rijiya da aka daɗe ba a buɗe ba. An yi watanni ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Na kai hancina kusa da akwatin. Daga cikinsa warin yake fitowa, fanka tana huro shi.

Sai kuma sautin. A cikin kowace kwamfuta akwai 'yar ƙaramar sifika wadda ba ta da aikin da ya wuce ta ce "ƙit" in na'ura ta tashi. Wannan kuwa, duk tsawon jiran, wani abu take yi can ƙasa-ƙasa.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

"Fanka ce," in ji Ubale. "Tana taɓa waya."

Na sa yatsa na tsayar da fankar. Sautin bai tsaya ba.

Na kashe kwamfutar. Daidai nan Barakatu ta shigo da kwanon sha da moɗa. Ta durƙusa ta fara zuba mini ruwa tana cewa, "Yaya, ya jikin Inna, ta daina..."

Ubale ya miƙa hannu ya danna maɓalli.

Maganarta ta yanke. Hannunta ya tsaya a karkace. Moɗa ta cika, ruwa ya malalo a kan yatsunta, ya gangara tabarma. Ba ta ƙifta ido ba. Ko numfashinta ban gani ba.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Na kira sunanta. Na girgiza kafaɗarta. Kamar na taɓa turmi.

Can na'urar ta ce "ƙit".

"...ciwon ƙafar kuwa?" in ji Barakatu. Ta dubi tabarma. "Laa, na zubar! Yi haƙuri, Yaya." Ta tashi ta fita neman tsumma.

Na juya ga Ubale in ga ko ya ga abin da na gani. Agogon hannunsa yake kallo.

"Kai, ta ƙara sauri fa! Na ce maka hannuna ya kama ta."

Na kashe na'urar da kaina. Na kwance babban faifan, wanda ake ajiye komai a cikinsa, na zare shi gaba ɗaya. Kwamfutar da ba ta da faifai ba ta da abin jira, nan take za ta yi ƙorafi. Na leƙa na ga Barakatu ta zauna a kujera 'yar tsugunno, ba abin da zai faɗo mata. Na yi bisimilla na danna.

Na'urar ta jira. Ƙwas, ƙwas. Sannan ta ce "ƙit", ta rubuta cewa ta sami faifai.

Inda ya kamata sunansa ya fito babu komai. Faifan kuwa yana hannuna.

Na fizge soket. Na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da fitilar hannu, sai na ga wata koriya da ban lura da ita ba, an ɗaure ta da kusa a bayan akwatin. Ta bi jikin bango ta fice ta taga.

"Wannan fa?"

Ubale ya gyara tsayuwa. An zo wajen da yake so.

"Wayar ƙasa ce mana. Da na haɗa na'urar, in ka taɓa akwatin sai wuta ta ja ka. Shi ne na kafa ƙarfe a bayan ɗaki na haɗa, ragowar wutar ta dinga shigewa ƙasa. Kuma ba ƙarfen banza ba, jan ƙarfe ne zalla, tsohon yayi. Ba za ka same shi a kasuwa ba."

"A ina ka same shi?"

"Riruwai. Na je yi wa wani gyaran inji, sai na gan shi a kafe a bakin wani tsohon ramin kuza, tsawonsa ya kusa kai mutum, an bar shi yana lalacewa." Ya yi dariya. "Da ka ga tsofaffin wurin! Suka yo kaina da hayaniya, wai kafi ne. Wai tun zamanin da ake haƙa, wani abu a ƙasan ramin ya riƙa kiran leburori da sunansu, wanda ya amsa ba ya fitowa, shi ne aka kafa turken aka ɗaure shi. Na bari suka tafi salla na tuge abina."

Na bi koriyar wayar da ido har taga.

"Matsalar kawai busasshiyar ƙasa ba ta jan wuta," ya ci gaba. "Shi ya sa na sa Barakatu take zuba masa ruwan gishiri kullum. In rana ta faɗi, don kada zafi ya shanye."

Da magariba. Yaron da bai iya ɗaura wando ba ya san ba a kwarara ruwa a bayan ɗaki da magariba. Shi kuwa Injiniya ya tugo turken da aka ɗaure aljan da shi, ya kafa a gindin ɗakin kwanansa, ya haɗa shi da na'urar da ba ta da aiki sai kira, sannan ya tura ƙanwata tana shayar da shi kullum a lokacin da ya fi kowane muni. Ko da gangan aka ce mutum ya shirya wauta ba zai jera ta haka ba.

Sai lissafin ya haɗu a kaina. Na'ura tana tambaya, kana nan? Tambayar tana bin waya ta shiga ƙasa. Wani yana jinta daga nesa, yana amsawa, ita kuma tana jiran amsar ta iso. Da, amsar tana daɗewa. Yanzu ba ta daɗewa.

Ba gyaran Ubale ba ne ya rage jinkirin. Mai amsawar ne yake matsowa.

Ladan ya ɗaga murya a masallacin bakin titi. Na ji ƙarar mariƙin bokiti a tsakar gida.

"Kada ka taɓa maɓallin nan," na ce masa. Na zari fulaya na fita da gudu.

Bayan ɗakin wani ɗan lungu ne tsakanin bango da dangar kara. Duhu ya fara sauka. Ga turken nan, kansa ya fito daga ƙasa kamar taki guda, an yi masa wasu zane-zane da suka sha tsatsa. Ko'ina ƙasa ta tsattsage don fari, amma kewayensa baƙi ƙirin, damshi har yana ƙyalli. Barakatu ta riga ta sunkuya da bokiti.

"Barakatu, ajiye!"

Ta juyo za ta amsa. Sai hasken allo ya faso ta taga.

Ubale ya mayar da soket ɗin. Ya danna.

Ta sandare. Bokitin ya karkace, ruwa ya fara zuba a gindin turken. Ƙasar ba tsotsewa take yi ba. Haɗiya take yi. Ina jin maƙogwaro.

Ƙwas. Ƙwas.

Ba daga sifika ba yanzu. Daga ƙarƙashin ƙafata.

Sawu ne. Sawun mai hawa tsani.

Janareta ya yi tari ya mutu. Gari ya yi tsit, ko kukan tsanya babu. Hasken tagar bai ɗauke ba.

Na kama hannun Barakatu na ja. Ko motsi. Kamar an dasa ta.

Ƙasar gindin turken ta kumbura, ta sauka. Ta sake kumbura.

Bakin Barakatu ya buɗe a hankali. Leɓɓanta ba su motsa ba. Muryar da ta fito ba tata ba ce, ba ta mutum ɗaya ba ce ma, kuma tana tafe da warin rijiya.

"Ina nan," in ji ta, cikin raɗa. "Na kusa."

Na faɗi a gwiwa, na rarrafa. Ina neman tsari da Allah, harshena yana harɗewa. Na kai fulaya kan koriyar wayar.

Wani abu ya kama ni a idon sawu. Daga cikin ƙasa. Yatsu ne, dogaye, masu sanyi.

"Hamidu," aka ce.

Saura kaɗan in amsa. Wallahi kalmar ta zo har bakina. Na ciji harshena, na runtse ido, na matse fulaya da hannu biyu.

Wayar ta tsinke.

Abin da ya buge ni ba zafin wuta ba ne. Sanyi ne, ya bi hannuna ya cake ni a ƙirji, ya yi jifa da ni jikin danga. Tagar ta yi duhu. Bokiti ya faɗi. Barakatu ta zube a kaina tana haki kamar wadda aka tsamo daga kogi.

"Yaya," ta ce, "akwai duhu a can. Kullum sai an kai ni."

Na ciccibe ta, ban tsaya neman takalmi ba. A tsakar gida muka yi karo da Ubale, ya fito yana kumfar baki.

"Wa ya yanke mini waya? Ta tashi fa! Saura ƙiris ta tashi nan take!"

Na ce masa ya tuge turken nan gobe da sassafe, ya mayar da shi Riruwai, ya durƙusa wa tsofaffin nan su kafa shi inda yake. Ya dube ni yana taɓe baki.

"Har da kai, Yaya Hamidu? Da iliminka? Ka dai ce gyaran ya fi ƙarfinka."

Barakatu ta riƙe gefen rigarsa tana kuka. "Malam, don Allah ka zo mu tafi. Kada ka kwana a gidan nan."

Ya zame rigarsa. Ya ce ta je ta huta a gida, in ta gama shagwaɓar ta dawo. Ya juya yana laluben ashana, zai je ya ga inda aka yanke masa waya. A bakin titi muka sami motar da ta taso daga Zariya, muka shiga ba takalmi, fasinjoji suna kallonmu.

Barakatu ta warke a ɗakin Inna, a hankali, da addu'a da tofi. Kafin damina ta tsaya ta koma katse wa mutane zance, ban kuma taɓa jin daɗin rashin kunyarta kamar lokacin ba. Har yau dai ba ta taɓa bokiti in rana ta faɗi. Ni kuma yatsuna biyu na dama ba su sake jin ɗumi ba, ko na kanga su a wuta.

Ubale ya aiko direban nan da saƙo. Wai a gaya mini ya haɗa wayarsa, shi yake zuba ruwan da kansa tunda mata ba su da amana, kuma yanzu kwamfuta kafin ka ɗauke yatsa ta tashi. Wai abin da ya gagari na birni, na ƙauye ya gama shi.

Na ce Allah ya ba da sa'a. Amma Barakatu ta hana ni sakat, don ita har yanzu mijinta ne. Bayan kaka na shirya na tafi, da rana tsaka.

Maƙwabcinsa Ɗantani ne ya raka ni. Ya ce Ubale ya sandare, su suke ba shi abinci a baki, su yi masa wanka. Ya ce sun taru da majiya ƙarfi sun gwada tuge turken, har da igiya da shanun noma, ko girgiza bai yi ba. Sun yanke wayar, washegari suka same ta a haɗe. Ya tsaya a zaure ya ce daga nan ba ya wucewa sai dole. Janaretan yana nan a gefe, ya yi tsatsa, kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashinsa.

Ubale yana zaune a gaban teburi, sikundireba a aljihun gaba. Allon yana kunne. Murmushi ne a fuskarsa, irin wanda na tsana.

Na yi sallama. Na sake yi. Na kira shi Ubale, na kira shi Injiniya. Na tsaya har inuwa ta fara juyawa, sannan na fito, don ba zan bari magariba ta same ni a gidan ba. Na zo da niyyar in gaya masa maganganu, na koma da su a cikina.

Bayan kwanaki Ɗantani ya shigo Kano sayen taki, ya biyo ta shagonmu. Ya ƙi zama. Ya ce jiya da yamma yana ɗaure akuyarsa a jikin danga, gidan Ubale ba kowa sai shi, sai ya ji muryarsa ta taga, garau, cike da murna, yana amsa sallamar da na yi masa tun ran nan.

"Wa alaikumus salam, Yaya Hamidu! Shigo ka ga yadda take tashi."